Mai Fenti da Jemagun Bayan Asibiti

Yayana bai taɓa cinye abinci a zaune ba. In an ajiye masa kwano, loma biyu zai yi ya miƙe ya leƙa taga, ya dawo ya ɗauki kwanon ya ƙarasa a tsaye, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, takan ce tun yana ciki yake shurin ta kamar wanda ya manta wani abu a waje. Ni ce autarsu, a bayansa na tashi, kuma bayan nasa na fi sani, don kullum yana gaba yana sauri ina bin sa da gudu.

Makaranta ba ta riƙe shi ba. An kai shi wurin tela, ya ce keken ɗinki yana ta gudu amma ba ya zuwa ko'ina. An kai shi garejin kanikawa, ya yi 'yan watanni ya sulale. Ya yi yaron mota, ya sayar da tocila da batir a tasha, har ya taɓa bin wasu masu haƙar rijiya. Abu ɗaya ne bai bari ba, shi ne zane: da gawayi, da alli, da tsinke a ƙasa. Daga ƙarshe wani tsoho mai rubuta allunan shaguna ya ɗauke shi, a nan ya tsaya, in har za a kira wannan tsayawa. Sana'a ce da ake yi a kan tsani, yau wannan bango gobe wancan, ta zauna masa kamar an auna. Sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Mai Fenti.

Shagonsa wani siririn ɗaki ne tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Gwangwanaye har rufi, buroshi jiƙe a cikin kananzir, kujera ɗaya wadda ba shi ke zama a kai ba. Hannunsa sananne ne a unguwa, domin komai ya zana sai ya fi na Allah girma. Kifin mai sayar da kifi yana dariya. Haƙorin da ya yi wa likitan haƙori saiwarsa kamar ƙafafun ɗan dambe. Ɓeran da ya zana wa mai maganin ƙwari kuwa, kura ma sai ta kauce masa.

"Bango ba littafi ba ne," in ji shi. "Mai babur yana wucewa, ƙiftawar ido ɗaya gare ka. In ba ka mare shi da launi ba, ka yi asarar fenti."

Furfura ta riga ta fito masa a gemu lokacin da Dakta ta zo shagon. Masaniyar halittu ce a jami'a, mace gajera mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Aikinta a kan jemagu ne, irin manyan nan masu cin 'ya'yan itace, waɗanda suka cika tsofaffin bishiyoyin da ke bayan asibiti tun kafin a haife mu.

"Kai ka zana ɓeran can na shagon maganin ƙwari?" ta tambaye shi.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Yatsunsa na gaba sun yi yawa. Amma kunnen, ban taɓa ganin wanda ya kama kunnen ɓera haka ba. Ka taɓa tsayawa ka kalli jemage?"

"Wa zai tsaya kallon jemage? Shi da kansa a kife yake kallon duniya."

Ta yi dariya, ta gaya masa buƙatarta. Ita da ɗalibanta suna kafa raga da yamma, su kama 'yan kaɗan, su ɗebi yawu da ɗigon jini don a duba ko suna ɗauke da wata cuta, sannan su sake su. Hoto tana da shi jingim, amma hoto yana kwaso komai da komai. Zane take so, wanda zai nuna wa ɗalibi da ɗan firamare da maƙwabtan asibitin abin da ya kamata ido ya lura da shi.

Haka Yaya ya shiga ɗakin gwaje-gwaje, wani dogon ɗaki a hawa na biyu, tebura farare, firji yana gurnani a lungu, ko'ina warin maganin wanke ƙasa. Aka sa masa farar riga, da safar hannu, da takunkumi. Ya kalli kansa a gilashin taga ya ce ya koma gawar da ta ƙi kwanciya. Doka ta farko: ba ya taɓa komai. Dakta ce za ta riƙe dabbar, shi ya zana kafin a mayar da ita. Wannan ya yi masa, don aikin sauri ne. Abin da bai yi masa ba shi ne abin da ke biyo baya.

"Malam, wannan haƙorin a ina ka gan shi?" in ji Dakta, tana duba zanen.

"A kaina."

"To, mayar da shi can."

Sau nawa ya yaga takarda ya sauko bene yana rantsuwa ba zai sake komawa ba. Sai ya zagaya kasuwa, ya yi faɗa da mai aski a kan ruwan da ke gangarowa ƙofar shagonsa, kafin la'asar kuma ya ɗauki jakarsa. A hankali ido ya fara cin hannu. Ya gano fuskar jemagen kamar ta ɗan kwikwiyo ce. Ya gano fiffiken hannu ne, yatsu dogaye da fata a tsakani. Ya ga uwa tana tashi da ɗanta manne a ƙirji. Dakta ta faɗa masa da yawa daga cikin bishiyoyin da ke daji jemagu ne suka shuka, suna ci a nan su yar da iri a can. Ita ma ta karɓi nasa karatun, domin shi ya nuna mata cewa launin ruwan ƙasa a kan bango mai ƙura ba ya fitowa, kuma siririn layi daga tsallaken titi babu shi.

A gida kuwa an shiga uku. Matarsa, wadda ta yi haƙuri da shi fiye da yadda ƙasa ke haƙuri da ƙafa, ta ce, "Maigida, da can warin kananzir ne, na saba. Yanzu kuma hirar jemage a kan abinci? Je ka wanke hannu kafin ka taɓa mini yara."

"Ke ba ki san yana shayar da ɗansa ba?"

"Ni ma na shayar, ba wanda ya zana ni."

Ban taɓa ganin Yaya ya daɗe a kan abu ɗaya kamar wannan ba. Damina ta wuce, rani ya shigo, yana nan yana hawa benen.

Sai gwajin farko ya nuna wata alama. Ba cutar aka gani ba. Abin da aka gani a jinin wasu daga cikin jemagun shi ne sawu, alamar cewa jikinsu ya taɓa haɗuwa da wata ƙwayar cuta mai kama da wadda ke kawo mugun zazzaɓi. Mai kama, ba ita ba, kuma na'urar da za ta raba gardama tana wani babban ɗakin gwaji a nesa. Dakta ta kwashi samfur cikin akwatin ƙanƙara ta tafi da kanta.

Tana can, shugaban sashen ya kira Yaya ofis. Farfesa ne, dattijo mai fara'a, ba mugu ba. Ya ce lokacin mangwaro ya kama, yara suna tsintar wanda jemage ya gutsura suna sha, kuma in abin nan gaskiya ne, jiran sakamako zai zama ihu bayan hari. Ga baƙi masu ɗaukar nauyin binciken suna tafe, yana so su tarar an fara faɗakarwa. Yana son zane a bangon asibiti, da na makaranta, da na tasha.

Yaya ya baje masa zanen da suka yi da Dakta. Farfesa ya juya su ya ce, "Waɗannan ai sai yara su ce a kamo musu su yi wasa."

Ba Farfesa ne ya kawo shawarar a zana abin tsoro ba. Yaya ne, kuma bai taɓa ɓoye wannan ba. Shi ya ce, "Ranka ya daɗe, bar ni da bango. Wannan fagena ne." Kafin rana ta faɗi ya fitar da wani jemage wanda babu shi a cikin halittar Allah: idanu jajaye kamar garwashi, haƙora zaƙo-zaƙo, yawu na ɗiga a kan mangwaro, ga hannun yaro yana miƙowa. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ya rubuta a wanke 'ya'yan itace, kar a sha wanda aka gutsura.

Ya ɗauki hoto ya tura wa Dakta a waya. Tana tsaye a layin miƙa samfur, ƙanƙararta na narkewa, ta duba sama-sama ta amsa: "Ya yi zafi. Rage jan idon da haƙoran. Sauran ba laifi." Lokacin da saƙon ya iso, Yaya yana kan tsani a bango na uku. Ya karanta, ya kalli fentin da ya riga ya bushe, ya ce gobe. Goben ta zo da aikin wani shago, jibi da wani.

Zanen ya yi aiki, wannan ba a musu. Masu babur suna rage gudu. Yara suna rufe ido in za su wuce. Mai aski ya ce masa, "Wannan karon ka wuce kanka." Yaya yana ta yawo daga bango zuwa bango yana sauraron abin da ake cewa, ƙirji a buɗe.

Ana cikin haka ɗan wani mai walda ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, har da suma. Wata ta ce ta gan shi yana tsintar mangwaro a bayan asibiti. Magana zarar bunu, kafin azahar an ce yara uku ne, kafin la'asar an ce an rufe gawa a ɓoye. Zazzaɓin sauro ne, yaron ya tashi daga baya, amma wannan labarin ba shi da ƙafa kamar na farko.

Washegari da hantsi Yaya yana rubuta allon wani kantin takalma sai ya hango hayaƙi baƙi ƙirin ta wajen asibiti. Sannan ya ga abin da bai taɓa gani ba, jemagu a sama da rana tsaka, dubbai, suna karo da juna suna kuka. Ya diro daga tsani, bai ko rufe gwangwani ba.

Ya tarar an tara tsofaffin tayoyi a gindin bishiyoyin an cinna wuta. Matasa da danƙo da sanduna, wasu da zarto mai inji. Ƙasa cike da 'ya'yan jemagu da suka suɓuce daga iyayensu, yara suna ɗagawa da hannu tsirara suna jifan juna. Ya kutsa yana ihu a bari, a bari, kar a taɓa su da hannu. Ya riƙe rigar mai zarton. Mutumin ya juyo ya gane shi.

"Haba Mai Fenti! Ai kai ka nuna mana shi. Ga shi can a bango."

"Ba haka yake ba!"

"To, ƙarya ka zana?"

Yaya ya saki rigar mutumin. Kafin 'yan sanda da masu kashe gobara su iso, manyan bishiyoyin sun kwanta, saura guda biyu da suka babbake ta gefe ɗaya.

An yi gudun gara an faɗa wa zago. Jemagun da suke wuri guda, nesa da kwanon kowa, suka watsu cikin gari. Suka sauka a mangwaron gidajen mutane, a bishiyar filin makaranta, har da wadda ke kan rijiyar unguwarmu. In da cutar tana nan, ranar ce da ta fi kowace samun hanya.

Dakta ta dawo ta tarar da kututture. Matar Yaya ce ta gaya mini yadda ya kasance a waɗannan kwanaki: ba ya ci, ba ya zama, ya fita ya dawo, ya ɗauki buroshi ya ajiye, ya tsaya a tsakar gida yana magana shi kaɗai. Da Dakta ta aiko a kira shi, sai da ya kai ƙofar benen ya juya, ya sake dawowa, sannan ya hau.

Su uku ne a ofis. Farfesa ya ce abin takaici ne, amma jami'a ba ta ce a kashe ko ƙuda ba, rubutun da ke ƙasan zanen shaida ne.

"Ranka ya daɗe, ni na yi rubutun," in ji Yaya. "Na san girmansa. Na yi shi don kar a ce ban yi ba."

"Ni kuma na ga hoton," in ji Dakta. "Na ce a rage, ban ce a tsaya ba. Na san ba mu da tabbas, na bar abu ya hau bango da sunanmu kamar muna da shi."

Farfesa ya ce ba sai an tona wannan a rahoto ba, gobara ce ta jahilci, a rubuta haka a wuce. Dakta ta cire tabarau ta goge, ta ce laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani, kuma ita nata za ta rubuta, daga saƙon waya har zuwa tayoyin. Suka yi ta ja. Yaya ya ce bai fahimci rabin abin da suka faɗa ba, yana ta zagaya tebur har Farfesa ya daka masa tsawa ya zauna. Ya zauna, ya sake miƙewa. Ta rubuta ɗin, kuma ta sha wuya a kai. An dakatar da aikin kusan shekara, an kafa kwamiti, ɗalibanta biyu suka koma wurin wani malami. Farfesa ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta, ko da yake daga baya shi ya sa hannu a dokar da ta ce ba abin da zai sake fita bainar jama'a sai an gwada shi a kan mutanen da za su gani.

Sakamakon da ya zo daga nesa bai wanke kowa ba. Ba mugun zazzaɓin ba ne, wata 'yar'uwarsa ce da ba a san ko tana kama mutum ba. Wato dai gaskiyar ita ce ba a sani ba tukuna.

Yaya da Dakta suka fita da bokitin farar ƙasa. Yana shafe bangon tasha, tana tsaye a ƙasa tana amsa tambayoyi. Ba a raga musu ba.

Wani dattijo ya ce, "Jiya kun ce dodo ne, yau kun ce ɗan'uwa ne. Gobe fa?"

"Gobe abin da muka gano shi za mu faɗa, Baba," in ji ta. "Wancan kuskurenmu ne."

Wani ya jefo ɓawon lemo ya sami Yaya a ƙeya. Bai waiwayo ba.

Shafewa ba wuya. Abin da za a sa a gurbin shi ne ya hana shi sakat. Ya zo gidana da rana, ya ƙi tabarma, ya tsaya a bakin ƙofar kicin.

"Auta, ke da kika yi boko, yaya ake zana ba mu sani ba tukuna?"

Na ce ban sani ba. Ya ce ai shi ke nan, ni ma na shiga layi.

Ya yi ta gwadawa a kan kwali. Ya zana jemage da alamar tambaya a ka, mai aski ya ce wannan ƙugiya ce. Ya zana shi yana murmushi, Dakta ta ce wannan ma ƙarya ce, irin ta farko da ta sake riga. Ya yi fushi ya ɓace kwana da kwanaki, aka gan shi a wani ƙauye yana yi wa motar kaya ado. Ya dawo. A ƙarshe ya cire jemagen daga tsakiya gaba ɗaya. Ya zana hannayen mace manya-manya suna wanke mangwaro a ƙarƙashin famfo, da yaro yana tsallake wanda ya faɗi a ƙasa, can sama kuma a reshe wani ɗan abu ruwan ƙasa yana barci, daidai girmansa. Kafin ya kai shi bango sai da suka zaga da kwalin kasuwa, shi da Dakta, suna tare mutane: me ka gani a nan? In ka gan shi, me za ka yi gobe?

Masu babur ba sa rage gudu a kan wannan zanen. Abin yana ci masa rai har yau, kuma yana faɗa. Jemagun ba su koma bayan asibiti ba, an yi wurin ajiye motoci a filin. Wani rukuni ya tare a bishiyoyin bakin kogi, a can Dakta ta ci gaba da aikinta da aka ɗage mata takunkumi.

Yanzu gwiwa ta fara ba shi matsala, likita ya hana shi tsani, yana hawa a ɓoye. Aikin da ke gabansu na dodon-koɗi ne, ƙananan nan na bakin ruwa da ke ɗauke da cutar tsargiya. Makon da ya wuce na gamu da shi a bakin kasuwa da kwali a hammata, ya tare wata tsohuwa mai sayar da tsintsiya.

"Iya, me kika gani a nan?"

Ta kawo kwalin kusa da hanci, ta nisantar, ta ce, "Gammo ne. Wa ya yar da gammonsa a ruwa?"

Ya fizge kwalin, ya kalle shi, ya ce wallahi gammo ne. Na kira shi in gaya masa matarsa na neman sa, amma ya riga ya tsallaka titi yana ɗingishi, yana laluben waya a aljihu.